Guduma da Tsirkiya Mai Santsi

Injiniyan situdiyo ya sake ɗaga hannu ta bayan gilashi, kiɗa ya tsaya cak.

"Guduma, ka yi haƙuri," muryarsa ta shigo ta abin jin da ke kunnuwansu. "Ƙarar nan ta sake fitowa."

"Wace ƙara kuma?"

"Ta yatsunka. Duk sanda ka ja hannu a kan tsirkiya sai ta yi ƙiii, kamar ana jan kujerar ƙarfe a kan siminti."

Guduma ya sauke hannu daga wuyan jitar bas ɗinsa, babbar jita mai kaurin murya, ya dubi yayarsa. Ita ce mawaƙiyar ƙungiyar, ita ce kuma shugaba, kamar yadda take shugabantarsa tun suna yara. Ta cire abin ji ta rataya a wuya, yadda ta ciji leɓe ya ishe shi bayani. Waƙar da suke ɗauka ba ta rawa ba ce. Waƙa ce mai sanyi da ta tsara bayan rasuwar mahaifinsu, ta daɗe tana ajiye da ita a zuci. Babu komai a cikinta sai murya da fiyano da ganga a hankali, sai bas a ƙarƙashi. A irin wannan waƙa ko numfashi mutum ya ja sai an ji.

Shi kuwa ba a banza ake ce masa Guduma ba. Da babban yatsansa na dama ya yi suna. Ya doki tsirkiya mai kauri da gefen yatsan, ya fizgo siririyar da manuniya, jitar ta riƙa tas-tas kamar ana faskare. In ya fara haka a wajen taro, har masu rabon abinci sai sun tsaya da faranti a hannu. Yau ga shi wani mutum yana zaune a kujera mai juyi yana gaya masa wai yatsunsa na da ƙara.

"Shekara nawa ina kiɗa da yatsun nan ba wanda ya taɓa kuka da su," in ji shi.

"A wajen rawa wa zai ji?" Injiniyan ya jawo aljihun teburinsa, ya lalubo wata 'yar fakiti ya shigo da ita. "Gwada waɗannan tsirkiyoyin. Naka da waya mai zagaye aka naɗe su, shi ya sa suke da kaushi kamar magagari. Waɗannan da ƙarfe mai faɗi aka naɗe su. Shafa ka ji."

Guduma ya zaro guda ya shafa. Sumul take, sai ka ce bakin cokali. Nan take ya ji bai yarda da ita ba.

"Karɓa mana," in ji Yaya. "Ko sai mun kwana a nan?"

Sana'arsa ta rana gyaran firji ce, don haka a shagonsa ya yi aikin washegari. Ya shimfiɗa tsumma a kan wata matacciyar firiza, ya kwantar da jitar, ya warware tsofaffin tsirkiyoyin guda huɗu ya naɗe su ya jefa a jakar da yake zuwa gida da ita. Sababbin suka ƙi ba shi haɗin kai tun daga farko. Tauri gare su kamar sandar walda. Da ya zo naɗa mai kaurin a jikin kunnen saiti, wanda ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, bakinta ya kuɓuce ya yanke shi a tafin hannu. Ya tsotse jinin, ya yi tsaki, ya ci gaba.

Da ya gama ɗaure su ya saita, ya ɗaga jitar ya hango tsawon wuyanta da ido ɗaya, sai ya ga matsala. Ƙarfin jansu ya lanƙwasa wuyan, tsirkiyoyin sun tashi sama, har sai mutum ya yi da gaske kafin ya danne su. Ya nemo ɗan makullin da ake matse ƙarfen cikin wuya, ya juya. Suka sauko, amma suka fara zizar ƙudan zuma a kan layukan ƙarfen da ke jikin wuyan. Ya sassauta, suka koma sama. Ya matse, zizar ta dawo. Haka ya yi ta fama, gumi na ɗiga daga haɓarsa zuwa kan fentin jitar, firjin mutane kuwa na tsaye a bayansa da bakuna a buɗe.

Can dai ya samu tsaka-tsaki. Ya jona jitar da 'yar sifikar shago, ya gyara tsayuwa, ya kai mata dukan da ya saba.

Dub.

Ya duba maɓallin ƙara, a buɗe yake. Ya sake duka da ƙarfi. Dub, kamar an naushi katifa. Ya fizgo siririyar, ita ma ta ba shi wani ɗan sauti maras rai, ta yi shiru. Ya zauna a kan tukunyar gas ya zuba wa jitar ido, sai ka ce wani ne ya musanya masa ita a hanya.

Da yamma ya ajiye jakar a ɗakin girki, ya ci abinci ba ya ko jin ɗanɗanonsa.

Ranar da suka koma situdiyo wata sabuwar matsala ta ɓullo. Ashe duk shekarun nan da kaushin tsirkiya yatsunsa ke gane inda za su tsaya. Yanzu da ya ja hannu sai ya zarce, kamar mai sabon takalmi a kan jiƙaƙƙen tayil. A ɗauka ta farko ya wuce wurinsa ana tsakiyar baiti, sautin ya fita a karkace har mai fiyano ya runtse ido.

"Yau dai guduma ta koma matashin kai," in ji mai ganga, wani ƙato da ba ya iya barin magana ta wuce shi. "A kawo masa bargo ya ƙarasa."

"Ka ji da sandunanka."

"Ni nawa ba su da santsi, ɗan'uwa."

Suka sake, ya sake zarcewa. Suka sake, wannan karon ya tsaya kafin ya kai, don tsoron zarcewa. Hannunsa na hagu ya fara ciwo tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. A ƙarshe ya daina ƙoƙarin nuna komai. Ya kafa ido a kan wuyan jitar kamar ɗan koyo, ya riƙa taɓa sautukan ɗaya bayan ɗaya da cikin yatsa, burinsa kawai ya kai ƙarshe ba kuskure. Suka kai. Injiniyan bai ɗaga hannu ba.

Suka taru a ɗakin na'ura aka kunna musu. Muryar Yaya ta fito fes, kamar tana tsaye a gabansu. Mai fiyano ya sunkuyar da kai. Guduma kuwa kunne ya kasa yana neman kansa, bai samu ba. Akwai wani abu mai nauyi da ɗumi a ƙarƙashin waƙar, yana ɗauke da ita, amma ko mahaifiyarsu aka kunna wa ba za ta ce ɗanta ne ba.

"Shi ke nan," Yaya ta ce tana goge ido da bayan hannu. "Abin da nake nema ke nan. Kada ka cire tsirkiyoyin nan. Da su za mu ɗauki sauran waƙoƙin."

"Sauran? Yaya, don wannan kaɗai na sa su."

"Ba ka ji yadda ta fito ba?"

"Na ji ki, na ji fiyano. Ni ina nake?"

"Kana inda ya kamata mai bas ya kasance."

Injiniyan ya shiga danne-dannen da ba su da dalili.

"Me kike nufi?"

Ta juyo ta fuskance shi sosai. "Ƙanena, tun da muka fara sana'ar nan nake ɗaga murya don in haye kanka. Ina komawa gida maƙogwarona kamar an zuba yashi. Ban taɓa faɗa ba, don na ga abin na faranta maka rai, mutane kuma na so. Yau ne karon farko da na yi waƙa ban yi kokawa da kai ba."

Da zagi ta yi masa da ya san abin da zai mayar. Ya zare igiyar jitar, ya tura ta cikin jakarta, zif ɗin ma ya maƙale sai da ya fizge shi, ya fita ba sallama.

A hanya ya yanke shawara. Suna da wasa ƙarshen mako, walimar sallamar ma'aikatan wata masana'anta da suka yi ritaya, kuma a nan ba situdiyo ba ne. Zai mayar da tsofaffin tsirkiyoyinsa, kowa ya ji da kunnensa. Yana shiga gida ya wuce ɗakin girki ya zazzage jakar da ya jefa su a ciki. Babu komai sai tsumma da sukuddireba.

"Ina wayoyin da ke cikin jakar nan?"

Matarsa na yanka albasa, ba ta ko juyo ba. "Wayoyin nan da ka yar? Kai, sun yi mini rana. Bututun wankin kwano da nake ta roƙonka ka duba, da mai kaurin na zura na fito da duk abin da ya toshe shi. Dubi yadda ruwa ke wucewa yanzu."

"Sauran fa?"

"Na yanka da filaya. Na ɗaure hannun bokiti, na gyara ƙofar kabad."

Ya dafa bango. "Ke kin san abin da kika yanka kuwa?"

"Baban yara, abin da aka naɗe aka jefa cikin tsumma mai maiƙo, ni ina zan san dukiya ce? Da ka gyara bututun da ban taɓa su ba."

Ya leƙa ƙarƙashin wurin wanki. Ga mai kaurin nan a rataye a jikin ƙusa, ta yi baƙi, da ɗan ɓawon albasa a maƙale. Ya nufi shagon kayan kiɗa tun kafin su rufe, mai shagon ya ce na ƙaramar jita kaɗai suka rage, na bas sai kaya sun iso.

Haka ya hau dandamali ranar walimar da masu santsi. Zauren ya cika da dattawa da iyalansu, rana na shigowa ta manyan tagogi, fankoki na juya iska mai zafi. Waƙoƙin farko suka tafi lafiya, mutane na rausaya a kujerunsu, wasu tsofaffin mata har sun miƙe. Sai aka zo wurin da Yaya ta saba ja da baya ta nuna shi da hannu.

"Jama'a, ga Guduma!"

Mai ganga ya rage ƙarfi, zauren ya saurara. Ya ɗaga babban yatsa ya sauke da duk ƙarfinsa. Dub, dub, dub. Ya ga fuskoki na jiran abin ya fara, alhali shi ya riga ya fara. Wani dattijo mai farar riga a layin gaba ya dafa sandarsa ya matso bakin dandamali.

"Ɗana, sifikarka ce ta mutu? Jikana ya iya gyara, in kira shi?"

"A'a Baba, lafiyarta ƙalau," ya amsa ta cikin haƙora.

Kunya da haushi suka kama shi. Ya bar dukan, ya koma jan dogayen sautuka, yana zamewa daga ƙasan wuyan jitar zuwa samansa, tunda zamewar ce kaɗai abin da tsirkiyoyin suka yarda da shi. Jitar ta riƙa wani gunji mai taushi. Aka yi tafi, tafin mutunci, irin wanda ake yi wa mai jawabi in ya gama da wuri.

Suna loda kaya a mota Yaya ta zo ta tsaya kusa da shi, ta miƙa masa ruwa.

"Na yi maka magana a gaban mutane, bai kamata ba," ta ce. "Amma ban janye ba."

"Na sani."

"Wajen rawa ka doki abinka yadda kake so. Waƙoƙina masu sanyi kuwa ka bar mini waɗannan."

"Yaya, jita ɗaya gare ni. Ba riga ba ce da zan canza tsakanin waƙa da waƙa. Kin san wuyar da na sha kafin wuyanta ya zauna?"

"To ka nemi ta biyu."

Ta faɗa kamar ta ce ya nemi kujera. Ya so ya yi gardama, sai mai fiyano ya sa baki, ya ce surukinsa na da wata tsohuwar bas a saman kabad, kunnen saiti ɗaya ya karye, fenti duk ya ɓare, ba mai taɓa ta. Guduma ya ce ba ya so. Bayan kwana kaɗan ya je ya ɗauko ta.

Ya ɓata makonni yana gyaranta a shago, masu firji na zuwa suna komawa da haƙuri. Da masu kaushi suka iso ya ɗaura mata su, ya kai duka, tas ɗin nan ta dawo har gwangwanayen kan kanta suka amsa. Ya yi murmushi shi kaɗai. Tsohuwar dai nauyi gare ta kamar ƙofar ƙarfe, kuma ba ta riƙe saiti, sai ya riƙa murɗa kunnuwanta bayan kowace waƙa.

Yanzu duk ranar wasa da jita biyu yake fita, ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa, yana saukowa daga bene a karkace, jakunkunan na bugun bango. Maƙwabta sun daina tambaya. Matarsa ce ke riƙe masa ƙofa, ya hau babur da ƙyar, ya zauna a bakin kujera don jitocin sun cinye sauran wurin.

"In bayanka ya sake riƙewa kada ka tashe ni shafa magani," in ji ta.

"Ki gaya wa Yaya," ya ce, ya buga babur ɗin. Sai da ya buga ya sake bugawa kafin ya tashi.