Saniya Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Shekara talatin na yi ina karanta rahotannin gwaji a ma'aikata, ban taɓa cin karo da wanda ya rubuta cewa gwajinsa ya faɗi ba. Don haka da 'yata Mashkura ta ce kamfaninsu zai yi gwaji da wani ƙaramin tauraron ɗan'adam da bai fi katan ɗin taliya girma ba, ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Lokacin ɗanyen mai yana tsada a kasuwar duniya, kowa a Abuja ko yana gina plaza ko yana harba wani abu sama.

Abin alfaharinsu shi ne rediyon da ke cikinsa ba shi da sana'a ɗaya. Daga ƙasa ake tura masa manhaja, ya koma abin da ake so. Litinin zuwa Laraba yana kwasar gajerun saƙonni daga ƙauyukan da babu sabis. Alhamis kuma ya zama makiyayi, yana bibiyar shanun wasu dillalan kasuwar Dei-Dei ta na'urar da ake rataya wa shanun a wuya.

Ranar Talata Mashkura ta tafi da na'urar saƙon zuwa wani ƙauye can bayan Abaji. Duk sanda tauraron ya gitta takan turo "Lafiya", ofis su kira ni. Tun rasuwar uwarta Hajjo ita kaɗai ta rage mini, ta kuma san halina. Laraba da la'asar ba a kira ba.

Alhamis da hantsi na je ofishinsu a Garki. Na tarar da injiniyan da ke kula da tashar sarrafa tauraron, Zacharias, yana ta gyara kujerar da ba ta karkace ba.

"Baba, ka zauna. Wataƙila batir ne ya mutu."

"Direban da ya kai ta fa?"

"Wayarsa ba ya shiga."

"To tambayi katan ɗin naku."

Ya sosa ƙeya. "Yau ba zai ji ta ba, Baba. Jiya da yamma mun canza shi. Yau ranar shanu ne."

"Wato yarinya ta yi shiru, ku kuma kuka duba jadawali."

"Oga ne ya ce kar a taɓa timetable."

Ƙarfe goma da minti arba'in eriyar da ke saman bene ta fara juyawa, ina jin gurnaninta ta silin. Ɗigo-ɗigo suka fito a kan taswira. Goma sha uku a cunkushe a Dei-Dei, suna jiran wuƙa hankali kwance. Ɗaya can kudu, shi kaɗai.

Zacharias ya matso da fuskarsa jikin allon. "Lamba sha huɗu ba a sa wa saniya ba. Spare ne, na ajiya. Yana cikin jakar Madam Mashkura."

"Ina take?"

"Kilomita tara daga titi. Babu gari a wurin."

"Tsaye?"

"Yana tafiya. Tafiyar ƙafa." Ya bi ɗigon da yatsa. "Yana ƙara shiga daji."

Bayan minti tara tauraron ya faɗa bayan duniya, allon ya daskare. Zacharias ya kira 'yan sanda ya karanta musu lambobin wurin har sau uku, sannan ya juyo.

"Baba, zan iya mayar da shi na saƙo, ko da Oga zai kore ni. Idan tana rubutu, za mu gani. Amma zai ci wucewar tauraron sau biyu, kuma ɗigon nan zai ɓace. Ba ya yin aiki biyu lokaci ɗaya."

Na yi tunanin kalmar da zan iya samu. Na yi tunanin hannun da wataƙila an ɗaure, da 'yan sandan da za su isa inda ta bari tun safe.

"Bar shi a na shanu," na ce.

Muka zauna awa ɗaya da rabi. Aka kawo mini shayi, ya huce a gabana. Sha biyu da kwata eriyar ta sake gurnani.

"Ya matsa," in ji Zacharias. "Kilomita huɗu. Har yanzu yana tafiya."

"Ita ce ke ɗauke da jakar?"

"Wannan ba ya faɗa, Baba."

Ya ɗauki waya ya fara karanta wa 'yan sanda sababbin lambobin. Na ciro biro na rubuta su a tafin hannuna, na tambaye shi ƙarfe nawa ne wucewa ta gaba.