Munduwa a Damtsen Bintu

Kiyashi sun yi dandazo a daidai inda Bintu ta tsuguna da safe. Ta tsaya a bakin makewayi da buta a hannu, tana kallon su. Ba su je wajen wanke-wanke ba, ba su je gindin turmi ba. Wajen fitsarinta suka zo, layi guda, ta ƙarƙashin danga.

Ta san wannan layin. Kullum tana ganin irinsa a bayan ɗakin Rahmatu, matar marigayi yayan mijinta, wadda ke kwance a ƙuryar gida, ba ta gani sai dishi-dishi, ƙafarta ɗaya naɗe da tsumma.

Ta ɗebo toka ta zuba, ta murje da ƙafa. Kafin ta gama sai ta ji muryar surukarta, Inna 'Yar'azumi, daga tsakar gida.

"'Yar nan, furar tana jiran ki. Ko sai ƙuda ya riga ki?"

*

Bintu 'yar masunta ce, daga wani ƙauye a bakin kogin Haɗejia. Ta tashi tana tuƙa jirgi, tana yankan shinkafa a fadama, tana cin tarwaɗa da zogale da bado. Siririya ce, amma tana ɗaukar damin da ke ba namiji wuya. A shekarun da Nasara suka shimfiɗo hanyar jirgin ƙasa ta Malam Madori ta auri Yakubu, mai auna gyaɗa a tasha, kuma tana son sa.

Cikinta na fari ya zube. Mata da yawa sun yi ɓari sun kuma haihu lafiya, amma Inna ba ta nemi jin wannan ba. Ta matsa hannun Bintu kamar mai taya akuya a kasuwa, ta yanke hukunci: mahaifar da ba kitse ba ta riƙe ɗa. Ta buɗe adudu ta ɗauko wata munduwar tagulla, ta zura mata har damtse. Munduwar ta sulalo ta dawo wuyan hannu. Inna ta ce ranar da ta kama damtse ta ƙi motsi, ranar ciki zai zauna.

Daga nan aka karɓe taɓarya daga hannunta. Aka hana ta zuwa rijiya, aka hana ta shara. Da safe fura da nono, a zuba sukarin kanti har ludayi ya riƙa ƙaras-ƙaras a gindin ƙwarya. Da rana tuwon shinkafa yana iyo cikin man shanu. Tsakani kuma nakiya da alkaki da kitsen rago. Ta taɓa roƙon a yi mata kwaɗon rama, Inna ta ce ba a kawo ta gidan nan don ta ci abincin awaki ba. A gidan talaka da wannan al'ada ta mutu da kanta, don babu abin yin ta. A gidan Yakubu akwai kuɗin gyaɗa, kuma kanti na nan kusa da tasha.

Damina ta wuce, wata ta sake zagayowa. Munduwa ta kama, har ta nutse cikin nama. Bintu ta koma ba ta tashi sai ta dafa bango. Ƙishirwa ba ta barin ta. Ta shanye moɗa, harshenta na nan a bushe. Cinyoyinta sun goge sun yi ciwo. Maƙwabta kuwa in sun shigo sai sa albarka, suna cewa Yakubu ya iya kiwo.

*

Ranar da ta ga kiyashin, da Inna ta fita barkar suna, Bintu ta cika tulu ta kai ɗakin Rahmatu. Warin ƙafar ya tare ta tun daga bakin ƙofa. Rahmatu ta karɓi moɗa da hannu biyu ta sha, ta miƙo a ƙara. Wannan matar ita ce abin alfaharin Inna. Duk baƙuwar da ta zo sai ta ji labarin yadda aka kawo ta kamar sillen kara, aka kiwata ta, ta haifi maza uku.

Bintu ta daɗe tana kame-kame kafin ta tambaye ta yaushe kiyashi suka fara bin ta.

Rahmatu ta ajiye moɗar. Ta laluba ta kamo hannun Bintu, ta bi shi da yatsu har ta taɓa munduwar. Ta shafa ta a hankali, ta tsaya a wani ɗan tudu inda aka taɓa liƙe tagullar.

"Nan maƙeri ya yanke ta daga hannuna," in ji ta. "Kin gan su ke nan?"

"Yau da safe, Yaya."

Rahmatu ta ce ita ma tun kafin cikin fari ta fara ganin su, ta faɗa wa Inna, Inna ta ce alamar jini mai daɗi ce. Kowane ciki ya zo, ƙishirwar sai ta ninka. 'Ya'yan suka riƙa zuwa manya-manya, na ƙarshe sai da ungozoma biyu suka taru a kansa. Bayan shi ido ya fara hazo. Ƙafar kuwa ƙaya ce kawai ta taka, shekarun baya, har yau ba ta rufe ba. 'Ya'yan suna Nguru suna kasuwanci, suna aiko da sukari.

"Kina da ciki?"

"Ban sani ba. Ina jin babu."

"To tafi gida tun babu. Ki koma kan jirginku, ki ci abin da kika saba, naman nan ya zube. In ciki ya same ki a haka, ko zaure ba za ki ƙara leƙawa ba." Ta saki hannun. "Ƙaro min ruwan."

*

Bintu ta fara da dabara. In Inna ta juya baya, sai ta juye rabin furar a kaskon akuya. Ba a daɗe ba akuyar ta yi sheƙi, ta riƙa biyo Bintu har ƙofar ɗaki tana kuka. Inna ta dubi akuya, ta dubi kasko, ba ta yi faɗa ba. Daga ranar sai ta jawo kujera ta zauna a gabanta, har sai ta ga gindin ƙwarya.

Sai ta je wa Yakubu. Ya dawo daga tasha bayan la'asar, rigarsa duk ƙurar gyaɗa, da ƙullin sukari a hannu. Ta durƙusa da ƙyar ta faɗa masa komai: ƙishirwar, kiyashin, maganar Rahmatu. Ta roƙe shi ya bar ta ta je gida ta yi ko wata uku ne.

Ya yi dariya, ya ce ashe har kiyashi sun san ya yi dacen mata. Da ya ga hawaye sai dariyar ta tsaya. Yakubu ba mugu ba ne. Matsoraci ne, kuma a gidan aure ɓarnar biyun ɗaya ce. Ya ce in ta je ta dawo a rame, da wane ido zai dubi mutanen tasha? Za a ce sikelinsa ya daina kawo abinci. Inna kuma fa, wa zai tare ta?

"Malam, tsoro nake ji," in ji Bintu. "Ɗakin Yaya Rahmatu nake gani in na rufe ido."

Ya juya ƙullin sukarin a hannunsa. Daga baya ya ce to, ta bari ruwa ya janye, hanya ta buɗe, a gama cinikin gyaɗa. Zai aika wa yayanta Buba ya zo ya ɗauke ta, a ce wa Inna gaisuwar iyaye za ta.

Ta jira. Kullum da safe tana zuba toka a makewayi. Kullum tana duba tafin ƙafarta, ko ta taka wani abu ba ta ji ba.

*

Buba ya iso da hantsi, da jaki da kwandon busasshen kifi. Ya yi sallama ya shigo, ya gaida Inna, ya gaida matar da ke zaune kusa da ita a ladabce, sannan ya tambaya ina Bintu.

"Ga ni, Yaya," in ji matar.

Sai a lokacin ya gane ta. Don ya ɓoye kunyarsa sai ya kwance bakin kwandon. Ƙamshin kifin da ta shekara tana mafarki ya bugi hancinta. Ba ta kai makewayi ba ta durƙushe tana amai.

Inna ta bi ta, ta ɗaga mata haɓa, ta ja fatar idonta ta duba. Ta yi mata tambaya a kunne game da wankinta na wata. Bintu ta sunkuyar da kai. Ta riga ta san ciki ne tun makon jiya, tana dai fatan jaki ya riga Inna.

Guɗar Inna ta kai har gidan maƙwabta. Ta ce wa Buba ya koma ya kai albishir. Mai ƙaramin ciki ba ta hawa jaki, balle wadda ta taɓa ɓari. Yakubu da aka kira daga tasha ya tsaya a zaure yana karɓar barka, bai yarda sun haɗa ido da matarsa ba. Aka sallami Buba da ƙullin sukari. Kifin aka raba wa maƙwabta.

Da yamma aka kira maƙeri. Ya cusa tsumma tsakanin tagulla da nama, ya goga zarto a daidai tsohon liƙin har ta rabu. Inna ta karɓa ta goge da bakin zane, ta ce ya zo gobe ya liƙe ta, akwai ƙanin Yakubu da zai yi aure bayan Salla. Sannan ta dama fura a babbar ƙwarya, tunda yanzu baki biyu ne, ta ajiye a gaban Bintu, ta jawo kujerarta.

Bintu ta ɗauki ludayi. A damtsenta, inda munduwar ta zauna, wani farin rami ya zagaye hannun. Daga ƙuryar gida Rahmatu tana kira a kawo mata ruwa. Layin kiyashi ya fito ta ƙarƙashin danga kamar kullum, ya zo tsakar gida, ya rabu biyu: ɗaya ya nufi ɗakin Rahmatu, ɗaya ya nufo Bintu.