Ɗigon Jan Fenti

Da na san abin da gwangwanin jan fentin nan zai jawo mini, da ban buɗe shi ba. Amma ranar da na buɗe shi, a ganina aikin kirki nake yi.

Shekara ashirin da uku ina gyaran injin saƙa a masaƙar garinmu. Lokacin da na fara, sau uku jiniya ke kaɗawa a rana, wasu na fita wasu na shiga. Sai yadin ƙasashen waje ya soma cika kasuwa, kwantena bayan kwantena. Ba shi da kauri, wanki uku ya koɗe, amma ya fi namu araha nesa ba kusa ba. Ban ga laifin masu saye ba. Matata ma ta saya ta ɓoye a ƙasan akwati, na yi kamar ban gani ba. Jiniya ta koma sau biyu, ta koma sau ɗaya, daga baya aka daina kaɗa ta.

Bara manaja ya tara mu ya ce an sayar da injinan ga wani kamfani a ƙetaren teku. Mu goma sha biyu aka bari mu kwance su mu zuba a akwatunan katako. Cikinmu har da babban ɗana, wanda 'yan masaƙa ke kira Sifana, saboda ba a raba aljihunsa da sifanar kwance noti. Shekararsa ashirin da biyar, da matarsa da 'yarsu ta goye a ɗakin da ke jikin namu.

Masu sayen sun aiko da 'yan takardu masu lamba da za a manna a kowane ƙarfe, da wani littafi mai kauri cikin harshensu. Ni karatuna bai wuce firamare ba, kuma takardun ba sa zama a jikin ƙarfe mai baƙin mai, kana mannawa suna faɗuwa. Sai na koma ga abin da na saba, wato yi wa ƙarafan alama da jan fenti. Ɗigo ɗaya na hagu ne, biyu na dama. Layi a ƙasa, wannan ke shiga kafin na kusa da shi. Zobe, ƙarfen ya tsufa, kada a ɗaure notinsa har ƙarshe.

"Baba, wannan rubutun naka wa zai karanta shi can?" in ji Sifana.

"Duk mai ido."

"Mai ido irin na gidanmu dai."

Muka yi dariya, na ci gaba da ɗigawa. Inji arba'in, mako biyar.

Kafin a buga wa akwatunan ƙusa, injiniyan kamfanin da ya sayi injinan ya zo da tafinta. Ya leƙa akwati uku bai ga lamba ko ɗaya ba, fuskarsa ta canja. Ya yi magana mai tsawo, tafinta ya taƙaita mana: "Ya ce tarin ƙarfe kuka haɗa masa."

Abin ya sosa mini rai. Na sa aka fito da kayan inji na bakwai, wanda ya fi kowanne taurin kai. A nan na yi kuskure na biyu. Maimakon in haɗa da hannuna, sai na ce, "Gaya masa ya zauna ya kalli ɗana."

Kafin rana ta yi sanyi Sifana ya tayar da injin, bai tambaye ni komai ba. Ni kuwa ina gefe ina jin kaina a sama. Injiniyan ya daɗe yana kallonsa, ba injin ba.

Washegari manaja ya kira ni ofis. Ya ce dole wanda ya san alamomin ya bi kayan ya haɗa su can, wata shida.

"Ni zan je," na ce.

"To, Malam, sai likita ya duba ka."

Likita ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya matsa, ya sake matsawa. Ya ce da wannan hawan jinin ba kamfanin da zai ɗauke ni ko zuwa bakin titi. Na koma na roƙi tafinta ya zauna in faɗa masa ma'anar kowace alama ya rubuta. Mun cika shafi huɗu, sai muka tarar kowane inji da nasa hali: zobe a na bakwai ba daidai yake da zobe a na goma sha tara ba. Injiniyan ya ture takardun, ya nuna Sifana ta taga.

A gida matata tana ninke wanki, ba ta ko ɗago ba.

"Kai da fentinka. Mutane suka aiko da takardarsu, ka ce kai ka fi su."

"Ba ta mannuwa ne."

"Da ka goge baƙin man, ai da ta mannu."

Gaskiya ta faɗa. Surukata tana bakin ƙofarsu da 'yar a cinya, tana ta gyara mata hular da ba ta karkace ba. Na ce wa Sifana ba dole ba ne, yana iya cewa a'a.

"In na zauna me zan gyara, Baba? Fankar Umma?"

"Za a samu wani abu."

"Ina? Kamfanin takalma ya rufe, na batir ya rufe. Kai ma ka sani." Ya sassauta murya. "Wata shida ne. Kafin 'yata ta iya tafiya na dawo."

Ranar tafiya, da safe ya tafi da jaka ɗaya. Sifanarsa ya bar mini a kan taga, wai a can akwai sababbi.

Yau wata goma sha ɗaya. Ya haɗa injinan tun tuni, amma sun ce ya tsaya, domin in ɗaya ya tsaya ba mai tayar da shi sai shi. A da yakan kira kowane mako, yanzu sai ya samu hutu. Yarinyar tana gudu a tsakar gida. In wayar uwarta ta yi ƙara, sai ta nuna ta da yatsa ta ce Baba.

Ni kuma na sami wata ɗabi'a. Ina shiga layin masu yadi in riƙa juya bakin kowane sabon bandir. Inji na bakwai yana tsallake zare ɗaya a gefen hagu, duk bayan kamu guda, kuma ban taɓa iya raba shi da wannan ba. Masu shaguna sun gane ni. "Baba mai dubawa, yau ma ba saye?" Shekaranjiya na ga wani shuɗi mai irin wannan tsallaken. Na riƙe shi har mai shagon ya karɓe abinsa.

Ban sani ba ko daga injinmu ya fito. Ranar da ɗana zai dawo ma ban sani ba.