Gishirin Malam Mu'azu

Malam Mu'azu mutumin Damagaram ne, amma shekararsa talatin a Yamai yana gasa burodi. Ya yi wa wasu aiki har ya samu nasa wuri a Lamorde, kusa da jami'a: ɗaki ɗaya mai teburi huɗu, da tanderu a baya. Shi ke kwaɓi da gashi, ƴarsa Iklima kuma ke haɗa kafe da madara tana kai wa masu zama.

Bayan damina Iklima ta fara lura mutane suna barin rabin burodinsu a faranti. Da ta ɗanɗana sai ta gane dalili. Yau gishiri ya yi yawa har ya ɗaure harshe, gobe kuma lami kamar ba a sa ba. Ta san ciwon sukari ya taɓa idon mahaifinta, amma ba ta zaci abin ya kai haka ba. Sai ta riƙa kwashe ragowar da sauri, tana ɓoyewa a buhu kada ya sani.

Wata safiya Malama Ramatu, wadda ke koyarwa a jami'a kuma ta shekara goma tana karyawa a wurin, ta riƙe hannunta.

"Iklima, ni ba zan daina zuwa ba," in ji ta a hankali. "Amma wasu sun daina. Ki gaya wa babanki."

"Malama, da wane baki? Gashin burodin nan ne abin da ya rage masa tun rasuwar Inna."

Ba ta gaya masa ba. Dabara ta yi: kullum da yamma sai ta auna gishirin kwaɓi ɗaya ta zuba a gwangwaninsa, ta ɗauke sauran. Kwana uku burodi ya gyaru. A kwana na huɗu, bayan azahar, da shagon ya yi shiru, ya kira ta baya. Yana zaune kan buhun garin alkama, gwangwanin a cinyarsa.

"Wa ya auna wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Tun yaushe kika sani?"

"Wata biyu ke nan."

Ya ce, "Ni wata huɗu. Ba na ganin allurar sikeli. Wani lokaci in zuba, in manta na zuba. Kullum ina jin ƙarar buhun da kike ɓoye ragowa, ina cewa yau za ta faɗa mini. Ke kina jin nauyina, ni ina jin kunyarki, mutane kuwa suna cin abin da bai kamata a sayar musu ba. Wannan alhaki a kaina yake."

Iklima ta durƙusa tana kuka. Bai rarrashe ta ba. Ya ce ta tashi ta wanke hannu, ta ɗebo gari.

Ranar ya fara koya mata. Ya ɗora hannunsa bisa nata cikin kwaɓin, yana cewa, "Kar ki duba, ki ji. In ya daina manne miki a yatsa, ya kusa." Burodinta na farko bai tashi ba, ya fito da tauri. Ta so ta jera shi hakanan, ya hana. Suka rufe shagon kwana shida, abin da bai taɓa yi ba ko da salla, har sai da ya gutsuri nata ya tauna, ya ce, "To, buɗe."

Ba duka waɗanda suka tafi ne suka dawo ba. An yi masa aiki a ido ɗaya, ya ɗan samu sauƙi, amma bai sake tsayawa gaban tanderu ba. Yakan zauna bakin ƙofa kan kujerar roba, yana gane mutane da muryarsu, yana tambayar ɗalibai labarin garuruwansu. Da azumi ya kusa, ya ce yana so ya je Damagaram ya ga ƙanensa. Iklima ta kai shi tasha da jakarsa da maganinsa, ta tsaya har motar ta tashi, sannan ta hau tasi ta koma Lamorde.