Tikiti Uku Zuwa Leeds

A layin da ke bayan tsohuwar masaƙa a Keighley, gida mai lamba tara na Baba Wilf Ackroyd ne, na kusa da shi kuma na Bryony da mahaifiyarta Maureen. Bango ɗaya ya raba su, shi ma siriri, ko tari tsohon ya yi sai an ji. Baba Wilf ya shekara arba'in yana rubuta wa ƙungiyar unguwarsu makin wasan kurket, wanda ake jefa ƙwallo a buga da sanda, amma yanzu ƙafa ta ƙi, hannu kuma rawa yake yi. Bryony shekararta goma sha ɗaya, hannunta lafiya lau. Abin da ta rasa shi ne wanda zai zauna da ita idan uwarta ta tafi aiki. Sai suka haɗa rashinsu wuri ɗaya: shi ido, ita hannu.

Ya koya mata aikin daki-daki. Duk ƙwallon da aka jefa ba a ci maki ba, ɗigo ne a littafi. Idan an ci, lamba. Idan ta yi gaggawa sai ya ce rubutunta kamar kaza ta taka tawada, ita kuma ta ce ai gara kaza, ba ta barci a tsakiyar wasa. Ya kuma koya mata dokar da ba ta cikin kowane littafi: idan masu bugu biyu na ƙasarku suka kafu suna tara maki, ba mai motsawa daga inda yake zaune, ko fitsari ya matse shi. Wanda ya tashi, shi ya jawo aka fitar da mai bugu. Ya ce marigayiya matarsa Enid ta taɓa barin naman Lahadi ya ƙone ƙurmus saboda wannan doka, kuma bai taɓa alfahari da ita kamar ranar ba.

Da aka ce gasar ƙasashe za ta zo, kuma Ingila za ta yi wasa ɗaya a Leeds, ɗansa Clive ya yi alkawari tun lokacin sanyi. Tikiti uku: shi, da tsohon, da magatakardar tsohon, wato Bryony. Shi da kansa zai tura tsohon a keken guragu. Likita ya riga ya gaya wa Baba Wilf halin zuciyarsa, saboda haka ya san wata gasar ba da shi za a yi ba. Ya sa Maureen ta goge masa kwat ɗin ƙungiya. Ya sauko da tsohon madubinsa na hangen nesa daga kan ƙusa, mai jar igiya da Enid ta kitsa, ya yi ta share shi. Clive ya karɓi madubin ya ce zai kai a gyara, ido ɗaya ya yi hazo.

Ranar wasa, tun ƙarfe takwas tsohon ya shirya, kwat da hula. Bryony ta feƙe fensir uku. Sai waya ta yi ƙara. Clive ya ce wanda ya yi masa alkawarin tikitin ya yaudare shi, ga shi kuma an sa musu taro a ofis, ba yadda zai yi.

Baba Wilf ya ajiye wayar a hankali. Bai cire kwat ɗin ba.

"To, Malama magatakarda," in ji shi, "kunna talabijin. A nan ma babu mai tsaya mana a gaba da ƙaton kai."

Ingila ta fara bugu da ƙafar hagu, an fitar da uku kafin shayi ya huce. Daga nan wasu biyu suka kafu. Bryony tana kan dardumar gaban murhu, littafi a cinya, shi yana kujerarsa. Ɗigo, ɗaya, ɗigo, huɗu.

A ɗan hutun da ke tsakanin jifa, mai ɗaukar hoto ya juya kan 'yan kallo. Aka nuna wasu maza uku suna dariya da kofuna a hannu. Biyu Bryony ba ta san su ba, manya ne masu farin gashi da riguna masu tsada. Na tsakiya yana nuna musu wani abu a fili, ga madubi mai jar igiya a wuyansa. Hoton bai daɗe ba, amma ya isa.

Ta waiwaya. Idon tsohon yana kan talabijin, ko ƙiftawa ba ya yi.

"Baba Wilf, ai wancan…"

"Ɗigo, yarinya. Kin tsallake ƙwallo ɗaya."

Ta sa ɗigon. Can an jima ta ji numfashinsa ya sauya. Yana murza hannun hagu, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Sun daɗe da yarjejeniya da Maureen, wadda ranar take gida: idan wani abu ya faru, a buga bango sau uku. Bangon taku huɗu ne kacal daga darduma. Bryony ta ajiye fensir.

"Ina za ki?"

"Zan kira Mama."

"Ki kira ta ta zo ta kira wa?" Ya ja numfashi. "Zauna. Waɗannan biyun sun kafu. In kika tashi aka fitar da ɗaya, sai na gaya wa duk layin nan ke ce."

Har da ɗan murmushinsa ya faɗi haka. Ta saba idan ya ce ɗigo, ɗigo ne. Ta zauna.

Masu bugun nan suka yi kusan sa'a guda ba su rabu ba. Da farko yana faɗa mata lambobin, daga baya ya bar ta ita kaɗai, ta ɗauka ya yarda da aikinta ne. Ƙafarta ta sage, ba ta miƙe ta ba. Da aka cafe ƙwallon ɗaya daga cikinsu aka fitar da shi, filin ya ɗauki ihu, ta juyo da sauri.

"Ba ni ba ce. Ko motsi ban yi ba."

Hularsa ta zame kan kafaɗa. Hannunsa na dama yana kan aljihun kwat. Sai a lokacin ta buga bangon, ba sau uku ba, har sai da Maureen ta shigo ta riƙe mata hannu.

Clive ya iso wajen ƙarfe shida, bayan motar asibiti ta tafi. Rana ta ƙona masa hanci ya yi ja. Ya gaya wa Maureen cewa wayarsa a kashe take saboda taro. Ya yi kuka, kuma kukan na gaske ne. Ya ce wa maƙwabtan da suka taru a ƙofa aƙalla Baba ya tafi yadda yake so, a gaban wasansa. Kowa ya gyaɗa kai. Clive ya dafa kan Bryony ya ce ta yi ƙoƙari. Ta kauce.

Washegari Maureen ta aike ta ɗauko littafinta da ta bari. Gidan shiru, kujerar an lulluɓe ta da zane. A kan ƙusa, madubin ya dawo, yana rataye da jar igiyarsa. Ta sauko da shi ta sa a ido ta dubi layin. Ido ɗaya har yanzu hazo ne.

Ta mayar da shi. Ta tsaya ta ƙidaya takun da ke tsakanin darduma da bango, huɗu ne. A nan ta gane cewa Baba Wilf ya ga ɗansa sarai, kuma ba don masu bugu ya hana ta tashi ba, don kada a kira masa Clive ne.