Kwando na Bakwai

Duk garin Mäntylahti babu wanda bai san cewa Veikko Rautio bai taɓa yin holari ba. Holari ita ce mutum ya wurga faifai daga wurin tsayawa ya faɗa cikin kwando a jifa ɗaya tak. Shekara ashirin da ɗoriya Veikko yana wasan, tun ranar da aka kafa kwandunan ƙarfe a dajin bayan makaranta. Shi ke share hanyoyi, shi ke gyara sarƙoƙin da ke rataye a saman kwandunan idan ƙanƙara ta narke, shi ya koya wa rabin garin riƙon faifai. Yaran da ya koya wa sun yi holari. Matar mai kantin magani ta yi a makonta na farko, igiyar kare a ɗaya hannun. Ƙanensa Raimo ya yi sau uku, kuma ba ya bari a manta.

Raimo mutum ne da ba ya iya zama a wuri sai ana dariya, kuma sai in shi ya kawo ta. A bara ne ya shirya wadda ta fi kowace.

Kwando na bakwai a bayan wani ƙaton dutse yake, tafki na gefensa, mai jifa ba ya ganinsa. Don haka kullum mutum ɗaya ke hawa dutsen ya duba kada a kwaɗa wa masu tsinkar 'ya'yan daji faifai a ka. Ran nan Raimo ya hau. Faifan yayansa ya faɗi cikin ciyawa, ya lallaɓa ya ɗauko, ya saka a kwando, ya girgiza sarƙa, ya kwarara ihu. Veikko, dattijo mai furfura, ya durƙusa a gaban kwandon yana hawaye. Ya kira matarsa Sirkka a waya. A ƙa'idar wasan, holari ba ta tabbata sai waɗanda suka shaida sun sa hannu a bayan faifan, sannan a rataye shi a bangon sauna, ɗakin wankan tururi na ƙungiyarsu. Raimo ya sa hannu, abokansu Aulis da Pentti suka sa. Sai a bikin tsakiyar rani, gaban kowa da kowa, Raimo ya haska hoton bidiyon da ya ɗauki kansa yana saka faifan.

An yi dariya har da masu ƙwarewa da giya. Veikko ma ya yi murmushi. Ya miƙe ya cire faifan daga bango, ya fita. Daga ranar bai ƙara taka filin ba. Abin da ya ba Raimo haushi shi ne, da dariyar ta lafa, mutane suka fara gaishe shi a tsaitsaye.

Da kakar bana ta shigo, Sirkka ta buga masa waya.

"Ranar Litinin za a yi wa yayanka tiyata a kafaɗa," ta ce. "Likita ya ce daga nan ya gama jifa. Na lallashe shi ya zagaya filin nan sau ɗaya na ban kwana. Ku raka shi. Kuma Raimo, idan ka yi halinka, kada ka ƙara tako min gida."

"Haba Yaya Sirkka, ni yaro ne?"

"Da yaro ne kai ai da da sauƙi."

Ranar Asabar da hantsi suka haɗu su huɗu. Ganye ya zube ya yi ja, iska na ɗan cizo. Veikko ya zo da tsohuwar jakarsa da butar kofi, ya gaishe su kamar jiya suka rabu.

"A'a, tsoho ya taso daga kabari!" Aulis ya ce. "Ka zo da sandarka ko mu sara maka?"

"Ka fara rage tumbin nan tukuna, ka ga ƙafarka," in ji Veikko.

Raimo ya kame bakinsa. Kwando shida suka wuce bai yi wa kowa ba'a ba, har Pentti ya taɓa goshinsa ya ce ko zazzaɓi ne. Veikko kuwa kowace jifa sai ya cije leɓe, faifan ya tafi gajere ya karkace hagu.

Suka iso na bakwai. Veikko ya zaro wani koren faifai da ya koɗe, ya dubi ƙanensa.

"Hau mana. Ai kai ne sarkin dutsen nan."

"Yaya, bari Pentti ya…"

"Hau, na ce."

Raimo ya hau. Daga sama ya hangi yayansa ya ja da baya, ya taka, ya saki faifan da wani gurnani. Muguwar jifa ce. Faifan ya kauce dama ya nufi tafki, ya daki wata siririyar bishiya, ya dawo a karkace, ya gogi bayan dutsen dab da takalmin Raimo, ya yi tsalle kamar an kore shi, ya afka tsakiyar sarƙoƙi. Suka yi wata ƙara mai nauyi. Faifan ya zauna a cikin kwando.

Raimo ya tsaya baki buɗe. Sai ya ɗaga hannu biyu.

"Ya shiga! Yaya, wallahi ya shiga!"

Can ƙasa Aulis ya fashe da dariya.

"Ɗan banza! Ya sake!"

"Kai, Raimo, ba ka tsoron Allah," in ji Pentti, yana laluben waya a aljihu. "Shi ya sa ka yi lamo tun safe? Ashe dafa mana kake yi!"

"Ba wasa nake ba! Bishiya ya daka, ya gogi dutse…"

"Har da bishiya! Ka ji ƙari!" Aulis ya dafe ciki.

Veikko ya zagayo dutsen a hankali, yana tallafe da gwiwar hannunsa. Ya daɗe yana kallon koren faifan kafin ya ɗauko shi. Ya zuge ƙaramin aljihun jakarsa ya fito da baƙin alƙalamin da kowa ya sani, wanda yake sabuntawa duk shekara, wanda ya sa wa mutane da yawa hannu da shi. Ya miƙa wa Raimo, da faifan.

"Ƙanena, dube ni," ya ce. "Kai kaɗai ka gani. Idan ya shiga, sa hannu. Idan kai ka saka, faɗa min, ba zan yi fushi ba."

Raimo ya karɓa. Ya cire murfin alƙalamin. Hannunsa har ya sauka kan faifan.

"Ku dubi fuskarsa!" Aulis ya ce da ƙyar, hawaye na zubo masa. "Kamar limamin coci! Wallahi wannan ta fi ta bara. Raimo, kai ne uban kowa a garin nan!"

Pentti ya ɗaga waya yana ɗauka, kafaɗunsa na girgiza.

Rabon Raimo da jin irin wannan dariya shekara guda ke nan. Ta shige shi kamar zafin sauna bayan doguwar tafiya cikin sanyi. Ya lissafa a ransa: ko ya rantse har gobe, waɗannan biyun cewa za su yi ya iya wasa. In kuwa ya karɓi abin, har jikoki sai sun ba da labarin mutumin da ya kama yayansa sau biyu a tarko ɗaya. Ai daga baya zai faɗa wa Veikko gaskiya, su biyu, a huce.

Ya mayar da murfin alƙalamin. Ya kashe wa Pentti ido ɗaya, ya cire hula, ya rusuna kamar mawaƙi a kan dandali.

Aulis ya zube zaune cikin ganye.

Veikko ya zare faifan daga hannun ƙanensa. Ya juya ya fuskanci tafki, ya taka, ya wurga da duk ƙarfin da ya rage masa. Sun ji wani abu ya yi ƙas a kafaɗarsa. Faifan ya miƙe sambal, jifar da ta fi kowace kyau a ranar, ya yi nisa, ya faɗa ruwa ya nutse. Dattijon ya saɓi jakarsa a ɗaya kafaɗar ya kama hanya.

Sai a wurin ajiye motoci Raimo ya cim masa, yana haki.

"Yaya, tsaya. Tsaya mana! Ya shiga fa. Na rantse da kabarin Inna, ban taɓa shi ba."

Veikko na kokawa da makulli da hannun hagu. Fuskarsa ta yi fari fat don zafi.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Ni nake gyara sarƙar nan. Na san kukanta idan faifai ya doke ta, na san kukanta idan hannu ya girgiza ta. Bara murna ce ta toshe min kunne. Yau na ji sarai."

"To me ya sa ka tambaye ni?"

Veikko ya buɗe ƙofa ya zauna da ƙyar.

"Ba ni da wani mai shaida sai kai."

"Zan sa hannun! Zan faɗa musu, zan samo kwale-kwale, a nutsa a…"

"Faɗa musu mana. Ka ga ko za su yarda."

Ya tayar da mota. Raimo ya lura alƙalamin na hannunsa har yanzu, ya miƙa ta taga.

"Riƙe," in ji Veikko. "Me zan yi da shi?"

Motar ta fita kan titi. Daga cikin daji muryar Aulis ta taso, har yanzu dariya na sarƙe shi.

"Raimo! Ina ka shige? Pentti ya riga ya tura wa kowa! Zo ka sake yi mana wurin bishiyar nan!"