Muryar da ke Zuwa a Makare

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba, gidan ya koma na mutum biyu da talabijin ɗaya. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙin bas, yana zuba wa fasinja surutu har su wuce inda za su sauka, yau sai ya yi gumi kafin kalma ɗaya ta fito. A asibiti aka ba su faifan koyon magana. Wata malama ce a ciki, fuskarta ta cika allon, ta buɗe baki a hankali ta ce “ba”, ta ce “ma”, ta dakata shi kuma ya maimaita. Da haka ya lallaɓa har ya iya cewa “ruwa”, ya iya cewa “Auta”, sunan da ake kiran 'yarsa da shi har yanzu, duk da furfurar da ta fara leƙo mata.

Auta ce ke fama da shi. Yayyenta suna nesa, sun ƙware wajen bugo waya su ce a ƙara haƙuri. Da safe ta wanke shi, ta saka faifan, ta danƙa masa rimot a hannun hagu mai motsi, ta wuce shagon wankin hoto inda take aiki. Da yamma ta sake sakawa ta shige kicin. Daga can take bin darasin da kunne: malama ta faɗa, Baba ya bi.

Faifan ya sha hannu har bayansa ya cika da ƙarce, ya fara tsayawa cak a tsakiyar kalma. Kafin ya mutu gaba ɗaya Auta ta kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfutar shago, ta buga sabo. Na farkon bai yi ba. Shafin zaɓin darasi ya fito, amma duk inda aka danna babu maɓallin da ke haske. Ta dawo ta tarar da Baba zaune tun safe gaban wani ɗan kiɗa mai juyawa yana komowa, babban yatsansa ya yi ja don dannawa. Washegari ta sake ɗaura kowane maɓalli da darasinsa, ta kuma sa na farko ya riƙa tashi da kansa. Wannan ya yi. Ta jiyo muryar malama daga kicin, ta ce alhamdulillahi, an rabu da wannan.

Sai Baba ya daina bi. Malama ta faɗa, shiru. Ta sake faɗa, shiru. Rimot ɗin ma ya koma cusa shi ƙarƙashin cinya.

“Baba, don Allah kada ka ƙara min aiki,” Auta ta ɗaga murya daga bakin famfo. “Likita ya ce in ka bari, bakin zai koma yadda yake. Ni kaɗai ce fa.”

Ta ji haushinsa sosai, ta kuma ji haushin kanta da take jin haushin mara lafiya.

Ciwon ƙafa ne ya tona zancen. Wata yamma ta dawo ba ta iya ko tsayuwa, ta zube a kujerar falo da takalmanta, idonta ya faɗa kan allon. Leɓen malama ya haɗu ya rabu, babu sauti. Sai da bakin ya riga ya zagaye zuwa wata kalmar, sannan “ma” ta iso. Baki yana faɗin abu ɗaya, kunne yana jin wani. Ta juya. Baba ya nuna allon, ya ɗaga hannun ya ƙwanƙwasa goshinsa.

“Kai,” ya ce da ƙyar. “Ya... tafi.”

Ashe duk kwanakin nan yana zaune yana kallon faifan da ta ɓata, yana zaton ƙwaƙwalwarsa ce ke ƙarasa lalacewa.

“Wallahi ba kai ba ne, Baba. Faifan ne. Ni ma haka nake gani.”

Ya yi mata rabin murmushin nan na wanda ya san lallashinsa ake yi.

Washegari ta kai faifan wurin aiki. Mai Shago, wanda ya taɓa yin sana'ar ɗaukar bidiyo kafin waya ta kashe kasuwar, ya kalli farkon, ya tsallaka zuwa ƙarshe, ya ja tsaki.

“Da a ce latti ɗaya ne daga farko har ƙarshe, sai ki ja muryar gaba kaɗan, shi ke nan. Wannan kuwa tare suka tashi, hoto ya riƙa tsere mata. Manhajar da kika yi aikin da ita ta canza miki gudun hoton ba ki lura ba. Ki koma kan abin da kika kwasa tun farko, ki bar shi a gudunsa.”

“Daga farko kuma, Oga?”

“To da daga ina?”

Haka ta yi ta yi a lokacin cin abincin rana, tsakanin masu son hoton fasfo yanzu-yanzu da masu cewa an baƙanta musu fuska. Ta tsayar da hoton daidai inda leɓen malama ke rabuwa, ta duba ko tudun sautin da ke zane a ƙasa ya tashi a nan. Ta gyara murya, maɓallan zaɓi suka sake kwancewa. Ta ɗaura su, kwamfuta ta tsaya ana tsakiyar bugawa. Faya-fayan da suka lalace suka taru a gefen tebur, Mai Shago ya fara ɗora kofin shayinsa a kai. Ta haddace bakin matar nan har da ɗan karyayyen haƙorinta na ƙasa, ta kuma gaji da ita iyakar gajiya.

Ranar da ya yi daidai, ta duba farko, ta duba tsakiya, ta duba ƙarshe, sannan ta kai gida. Tana tsaye da jaka a kafaɗa ta saka. Malama ta ce “ba”, baki da murya suka fito tare.

“Ka gani? Ya gyaru. Bismillah, bi ta.”

Baba ya kalli allon, bai bi ta ba. Matar nan ta riga ta yi masa ƙarya, ba zai sake yarda da ita da sauƙi ba. Auta ta sauke numfashi ta nufi kicin, tana ci gaba da magana ta bayan kafaɗa. Sai ta ji yana buga rimot a hannun kujera. Ya kashe talabijin ɗin.

“Zo.”

Ta dawo. Ya nuna ɗan benci da ake ɗora masa ƙafa.

“Ke. Faɗa.”

Ta tsaya tana kallonsa kafin ta gane. Bakin mutum mai rai yake so ya gwada kansa da shi. Ta nemi ranar ƙarshe da ta yi masa magana ido da ido, ta rasa. Ta bayansa take magana in tana cuɗa shi, ta saman kansa in tana gyara matashi, sauran kuma daga kicin. A gidan nan matar cikin faifai kaɗai ke fuskantarsa. Kunya ta kama ta, da tausayin da ya fi kunyar ciwo.

Ta ajiye jakar, ta jawo bencin har gwiwarta ta taɓa tasa.

“Baba,” ta ce a hankali.

Idonsa na kan leɓenta, ko ƙiftawa ba ya yi. Ta ga kafaɗarsa mai lafiya ta sauka. Hawaye ya gangaro ta gefen fuskar da ba ya motsi, bai ma ji shi ba.

“Kuma,” ya ce.

Ba ta ɗora komai a wuta ba, ƙafarta kuma tana zogi. Ta gyara zama, ta sake faɗa.